G. K. Chesterton: Tambayoyi da Amsoshi Kan Marubucin da Ya Haɗa Addini, Ziyarar Ibada da Labaran Kama Ɓarawo

Wanda ya fara ganin sunan Chesterton a bangon littafin bin diddigin masu laifi yakan yi mamaki idan ya sake cin karo da shi a kantin littattafan coci. Ga tambayoyin da masu karatu suka fi yi a kansa. A wasu wurare an tona ƙarshen labari, don haka mai son ya karanta da kansa ya yi hattara.

Wane ne Chesterton?

Gilbert Keith Chesterton Baturen Ingila ne. An haife shi a unguwar Kensington ta Landan ran 29 ga Mayu 1874, ya rasu a garin Beaconsfield ran 14 ga Yuni 1936. Bai yi digiri ba. Makarantar koyon zane ta Slade ya shiga, ya fita bai gama ba, ya kama aiki a kamfanin buga littattafai, daga nan ya faɗa aikin jarida, kuma har ya bar duniya ɗan jarida yake kiran kansa. Ya bar littattafai kusan 80, maƙaloli wajen 4,000, gajerun labarai kimanin 200, ban da waƙoƙi. Mujallar Illustrated London News kaɗai ya yi mata rubutun mako-mako tun daga 1905 har shekarar da ya mutu.

Ƙato ne, ga tsawo ga teɓa, ga mantuwa kamar me. Shi da kansa ya ba da labarin ranar da ya aika wa matarsa Frances saƙon telegram daga garin Market Harborough yana tambayarta ina ne ma ya kamata a ce yake a lokacin.

Da gaske mutum ɗaya ne ya rubuta littattafan addinin da na kisan kai?

Shi ne, kuma ba a zamani daban-daban ba. A shekara ɗaya, 1908, ya fitar da Orthodoxy, littafin da ya bayyana dalilin da ya sa ya yi imani, da The Man Who Was Thursday, labarin 'yan sandan ciki da masu dasa bam. Ɗan jaridar da ke cin abinci da alƙalaminsa ba ya zaɓen aiki: yau sharhi kan Charles Dickens, gobe muhawara da George Bernard Shaw, jibi labarin gawa a cikin lambu.

Amma in an karanta su a jere, sai a ga bambancin bai wuce bango ba. Abu ɗaya ne ke damun mutumin a ko'ina: ɗan Adam ya saba da abin da ke gabansa har ya daina ganinsa. A littafin addini, abin da aka daina gani shi ne baiwar rayuwa. A labarin bincike, mai kisan ne ke wucewa ta gaban kowa ba wanda ya kula. Akwai labarinsa guda da mutum huɗu ke gadin ƙofa, duk suka rantse ba wanda ya shiga ba wanda ya fita, alhali mai laifin ya shiga ya fito da gawa a buhu. Ma'aikacin gidan waya ne, kuma wa ke ƙirga mai kawo wasiƙa a cikin mutane?

Tun yana yaro mai riƙo da addini ne?

A'a. Gidansu ba masu nacin zuwa coci ba ne. Lokacin da yake makarantar zane ya shiga wani hali na ƙunci da shakka, har shi da ƙaninsa Cecil suka taɓa wasa da allon kiran ruhohi, abin da daga baya ya ce ya tsorata shi. Frances Blogg, wadda ya aura a 1901, 'yar cocin Angilikan ce mai ibada, ita ta jawo shi a hankali.

Shigarsa ɗariƙar Katolika ta zo ne a makare, ran 30 ga Yuli 1922, yana ɗan shekara 48. A lokacin Beaconsfield ba ta da cocin Katolika, don haka a wani ɗaki mai rufin kwano da ke jikin otal ɗin tashar jirgin ƙasa aka karɓe shi. Frances ba ta bi shi ba sai 1926. Da aka tambaye shi dalili, amsarsa gajera ce: yana so ya rabu da zunubansa. Wannan amsa tana da amfani ga mai karatun labaransa na bincike, don a can ma tuba ce kan gaba, kamawa na biye.

Me ke cikin manyan littattafansa na addini?

Biyu ne suka fi fice. Orthodoxy ya samo asali ne daga gori. A 1905 ya fitar da Heretics, inda ya bi manyan marubutan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya yana sukar ra'ayinsu, sai wani mai sharhi ya ce to, shi da ke sukar kowa, ya faɗi nasa mana. Ya buɗe amsar da misalin wani matuƙin jirgin ruwa da ya bar Ingila don gano sabon tsibiri, lissafi ya kuɓuce masa, ya sauka a gaɓar Ingila yana murnar ya gano baƙuwar ƙasa. Ya ce shi ne wannan matuƙin: ya sha wahala yana ƙera falsafar kansa, da ya gama sai ya tarar tsohuwar koyarwar Kirista ce da aka sani tun ɗaruruwan shekaru. A ciki ne kuma yake cewa mahaukaci ba wanda ya rasa hankali ba ne, wanda ya rasa komai ne sai lissafin ƙwaƙwalwa kaɗai, shi ya sa ba a cin mai zargin kowa da hujja.

The Everlasting Man na 1925 martani ne ga tarihin duniya da H. G. Wells ya rubuta, wanda ya ɗauki mutum a matsayin dabbar da ta ci gaba, Yesu kuma malami ɗaya cikin malamai. Chesterton ya raba nasa gida biyu, kowanne ya fara da kogo. Na farko kogon mutanen dā da suka zana dabbobi a bango: tambayarsa ita ce, wace dabba ce ta taɓa zana mutum? Na biyu kogon Baitalami, inda al'adar Kirista ta ce an haifi Almasihu. Shahararren marubucin Kirista C. S. Lewis ya ambaci wannan littafi cikin abubuwan da suka dawo da shi ga imani.

Akwai kuma tarihin waliyyai biyu, Francis na Assisi a 1923 da Thomas Aquinas a 1933. Na Francis ya fi sauƙin shiga.

Daga ina Fada Brown ya fito?

Fada Brown shi ne limamin da ke warware laifuka a labaran bincike na Chesterton. Ya samo asali ne daga wani limamin Katolika na gaske, Fada John O'Connor, da ke aiki a yankin Yorkshire. Chesterton ya ba da labarin a tarihin rayuwarsa. Suna tafe suna hira kan wata matsalar zamantakewa, sai O'Connor ya buɗe masa wasu munanan abubuwan da mutane ke aikatawa waɗanda shi, ɗan jaridar Landan, bai taɓa ji ba. Da suka isa masauki suka tarar da ɗaliban Jami'ar Cambridge biyu. Bayan limamin ya fita, sai ɗaya ya ce mutumin kirki ne, amma abin tausayi, irinsu a killace suke, ba su san sharrin duniya ba. Chesterton ya ce da ƙyar ya danne dariya. Mutumin da ke zama yana sauraron masu furta zunubansu mako bayan mako ne za a ce bai san duniya ba?

Labarin farko ya fito a 1910, wato shekara 12 kafin marubucin ya zama Katolika, kuma O'Connor ɗin ne ya karɓe shi a wancan ɗaki mai rufin kwano. Labaran sun haura 50, an tara su a littattafai biyar tsakanin 1911 da 1935.

Me ya bambanta shi da Sherlock Holmes?

Holmes, shahararren mai bin diddigin masu laifi a labaran Turanci, yana duba tokar taba da sawun takalmi. Fada Brown yana duba zuciya, kuma tasa yake fara dubawa. A wani labari na baya-baya an matsa masa ya faɗi sirrinsa, sai ya ce shi ne ya kashe mutanen duka, ma'ana yakan zauna ya saka kansa a halin mai laifin, ya bi tunaninsa taki-taki har ya ji shi ma zai iya aikatawa, a nan ne yake gane ko wane ne.

Labarin farko, The Blue Cross, ya isa misali. Shugaban 'yan sandan Paris, Valentin, ya biyo shahararren ɓarawo Flambeau zuwa Ingila. A jirgin ƙasa ya ga wani ɗan guntun fada mai zagayayyar fuska, lema na ta faɗuwa daga hannunsa, ga ƙunshe-ƙunshen takarda, yana gaya wa kowa cewa ɗaya na ɗauke da gicciyen azurfa mai shuɗayen duwatsu. Valentin har ya ja masa kunne. A Landan sai ya fara cin karo da abubuwan banza: gidan abinci da aka zuba gishiri a mazubin sukari, aka watsa miya a bango; mai kayan marmari da aka musanya masa takardun farashi; wani wurin an fasa taga. Ko'ina sai a ce limamai biyu ne, dogo da gajere. Ya bi wannan sawu har filin Hampstead Heath, inda ya laɓe ya ji dogon, wato Flambeau cikin rigar fada, yana neman a miƙo gicciyen. Ashe gajeren ne ya yi ta ɓarnar da gangan don 'yan sanda su biyo su, gicciyen kuma tuni ya aika da shi ta gidan waya. Dabarar musanya ƙunshi kuwa a wajen wani ɓarawo da ya tuba ya koya. Da Flambeau ya tambayi yadda aka gane shi ba limami ba ne, sai aka ce masa ai ya zagi hankali, kuma mai ilmin addini na gaske ba ya haka.

Flambeau bai ƙare a kurkuku ba. Bayan wasu labarai ya tuba, ya zama mai bincike, ya zama aminin Fada Brown. Ga mai son a ga ɗaurin ankwa a shafin ƙarshe, wannan na iya ba shi haushi, don sau da yawa limamin ya fi damuwa da ran mai laifi fiye da kai shi gaban alƙali.

Gaskiya ba duka labaran ne suka kai na farko ba. Na ƙarshe-ƙarshe wasu don kuɗi aka rubuta su, domin mujallarsa G. K.'s Weekly, da ya kafa a 1925, kullum cikin asara take, kuma Fada Brown ne ke cike giɓin. Duk da haka marubutan wannan fanni sun san matsayinsa: shi suka naɗa shugaban farko na ƙungiyarsu, Detection Club, a 1930, ƙungiyar da Agatha Christie da Dorothy Sayers ke ciki.

The Man Who Was Thursday fa, labarin leƙen asiri ne ko wa'azi?

Ya fara a matsayin na farko ya ƙare a na biyu, kuma ba za ka iya nuna shafin da ya juya ba. A zamanin, masu aƙidar rushe kowace irin hukuma sun addabi Turai da Amurka: sun kashe shugaban Faransa Sadi Carnot a 1894, sarkin Italiya Umberto a 1900, shugaban Amurka McKinley a 1901. Cikin wannan fargaba aka saka labarin.

Gabriel Syme mawaƙi ne da aka ɗauka aikin ɗan sandan ciki a wani ɗaki mai duhu, bai ga fuskar wanda ya ɗauke shi ba. Da wayo ya kutsa cikin majalisar ƙoli ta masu dasa bam, mutum bakwai, kowa na amsa sunan rana ɗaya ta mako. Shi ya zama Alhamis. Shugabansu Lahadi, wani ƙaton mutum mai ban tsoro, ya ce mafi kyawun ɓuya shi ne rashin ɓuya, don haka a barandar otal a tsakiyar Landan suke karin kumallo suna tsara kisa da ƙarfi, masu wucewa na ɗauka raha ce. Akwai wurin da wani tsoho tukuf, mai tafiya da ƙyar, ke bin Syme cikin dusar ƙanƙara, duk gudun da ya yi in ya waiwaya sai ya gan shi a bayansa. Wannan babin yana hana barci.

Daga nan sai fuskoki su fara zubewa: ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗan majalisar ashe ɗan sanda ne da aka turo. Suka haɗu suka bi Lahadi, ya tsere musu a keken doki, da motar kashe gobara, da giwar gidan namun daji, da balan-balan. A ƙarshe aka tufatar da su da riguna masu alamar kwanakin halitta na Littafin Farawa, tambayar kuma ta koma irin ta Ayuba: me ya sa aka bar mai gaskiya ya sha wuya shi kaɗai cikin duhu? Masu karatu da yawa sun ɗauka Lahadi Allah ne. Chesterton ya musanta, ya ce a duba ƙaramin taken littafin, wanda ya kira shi mummunan mafarki, irin wanda matashi mai shakka ke yi.

Littafinsa na Urushalima jagorar mai ziyara ne?

Ko kusa. Wanda ya saba ganin Kiristocin Najeriya na dawowa daga ziyarar ibada su ƙara JP a bayan suna zai iya zaton zai samu jerin wurare masu tsarki da addu'o'in da ake yi a kowanne. The New Jerusalem na 1920 rahoton ɗan jarida ne da jaridar Daily Telegraph ta tura. Ya bar gida a ƙarshen 1919 tare da Frances, ya yi sallama da karensa Winkle da jakinsa da ya raɗa wa Trotsky, suka bi ta Faransa da Roma da Masar, daga Alƙahira suka shiga jirgin ƙasa zuwa Falasɗinu. Birnin na hannun sojan Birtaniya tun da Janar Allenby ya karɓe shi daga Turkawa a Disamba 1917. Suna can aka yi dusar ƙanƙara mai yawa a Fabrairu 1920, kuma shafukan da ya siffanta birnin cikin farin mayafi suna cikin mafi kyawun littafin.

Sai dai kowace ƙofa ya gani, ko dutse, ko raƙumi, sai ta zama dalilin muhawara ta shafi goma kan tarihin Turai. Abin da tafiyar ta yi wa ransa ma ba a wannan littafi ya faɗe shi ba. Shekaru bayan haka ne ya rubuta cewa a hanyar dawowa, a tashar jiragen ruwa ta Brindisi a Italiya, ya tsaya gaban wani ɗan mutum-mutumin Maryamu mai ƙyalƙyali ya yi alkawarin abin da zai yi in ya koma gida. Shekara biyu ya ɗauka kafin ya cika.

An ce yana ƙin Yahudawa. Gaskiya ne?

Zargin yana da tushe, kuma babin ƙarshe na littafin Urushalima ne babbar shaida. A ciki ya goyi bayan a kafa wa Yahudawa ƙasa, amma hujjarsa ita ce su baƙi ne a Ingila ko da a can aka haifi kakanninsu. Har ya kawo shawarar a bar Bayahude ya riƙe kowane muƙami, da sharaɗin ya riƙa sa tufafin Larabawa don a san shi. Daily Telegraph ba ta buga babin cikakke ba. Ɗacin ya ƙaru ne tun badaƙalar hannun jarin kamfanin Marconi, wadda ta shafi wasu manyan Yahudawa, ta kuma kai ga kotu ta ci ƙaninsa Cecil tara a 1913 kan ɓata suna.

Masu kare shi sukan nuna cewa ya fito fili ya la'anci zaluncin Hitler tun farkon mulkinsa, kuma haka ne. Amma wannan bai goge wancan ba. A 2019 Bishop na Northampton, Peter Doyle, ya ƙi buɗe shirin ayyana shi waliyyi, kuma wannan batu na cikin dalilan da ya bayar.

Musulmi zai ji daɗin karanta shi?

Ya danganta da littafin. Labaran Fada Brown da na Alhamis ba su buƙatar mai karatu ya yarda da aƙidar marubucin. Zunubi, nadama da son zuciya ba na addini ɗaya ba ne. Inda ya taɓo Musulunci kai tsaye kuwa, ra'ayin Baturen da ya yi 'yan watanni a Gabas ba tare da jin Larabci ba ne. Ya yaba kyan Ƙubbar Dutse da mutuncin talakan Musulmi da yadda addinin ke daidaita mutane a gaban Allah, sannan ya juya ya kira shi addinin hamada mai sauƙaƙa abin da ba shi da sauƙi, ya kuma kare yaƙe-yaƙen Salibiyya. Waƙarsa Lepanto ta 1911 kirari ce ga nasarar jiragen Kirista kan Daular Usmaniyya a 1571. Wanda zai karanta waɗannan ya shiga da sanin cewa ɗan muhawara ne ke magana, ba masanin tarihi ba.

Ya yi wasu tafiye-tafiyen ibada?

Ya yi. Ya zauna Roma a ƙarshen 1929, ya gana da Paparoma Pius na 11, ya kuma yi hira da Mussolini. Littafin da ya biyo baya, The Resurrection of Rome, ya sha suka kan sassaucin da ya yi wa mulkin kama-karyan Italiya. A 1932 ya halarci babban taron Katolika a Dublin ya rubuta ɗan ƙaramin littafi a kai. Makonni kaɗan kafin rasuwarsa, yana fama da ciwo, aka kai shi Lourdes da Lisieux a Faransa.

Da wanne ya kamata in fara, kuma ina zan samu?

Da The Innocence of Father Brown, tarin farko na 1911. Labarai 12 ne, kowanne ana gama shi a zama ɗaya, kuma a nan ne addinin mutumin ya fi fitowa da kyau, don ba ya wa'azi, limamin ne kawai ke aikinsa. In ya karɓe ka, wuce zuwa Alhamis, sannan Orthodoxy. Littafin Urushalima a bar shi ƙarshe, ko a tsallake shi in ba tarihin yankin ake bi ba.

Turancinsa irin fura ce mai kauri, sai an dama da haƙuri: jimloli masu tsawo, juya magana ta koma kanta, da sunayen 'yan siyasar Ingila da aka daɗe da mantawa. Ba laifi ba ne a tsallake sakin layin da ya cika da su. Da yake ya rasu tun 1936, yawancin littattafansa sun fita daga haƙƙin mallaka. Ana sauke su kyauta a shafin Project Gutenberg, masu son saurare kuma akwai karatunsu da murya a LibriVox. Shirin talabijin na BBC mai sunan Fada Brown, da aka fara a 2013, ya mayar da limamin wani ƙauye na shekarun 1950, kuma mafi yawan labaransa sababbi ne da marubutan shirin suka ƙirƙira, ba na cikin littattafan ba.